Amsa ga mai tambaya kan buga kiɗan celo da na fiyano a jita

Wa alaikumus salam, ƙanena. Ka ce shekararka biyu kana koyon jitar kilasik, ka sauke Prelude na Bach wanda ya rubuta wa celo, babban gogen nan na Turawa, da Asturias na Albéniz. Duk sautin da ke takarda kana buga shi, amma kiɗan yana fita a gutsure, hannun hagunka na ciwo, kuma takardu biyu da ka samu na kiɗan Bach ɗin sun saɓa wa juna. Kana son sanin wacce ce ta gaskiya, da yadda za ka yi atisaye. Na daɗe da waɗannan kiɗe-kiɗen biyu, na kuma koyar da su, to ga abin da na gani.

Kan takardun nan biyu, babu ta gaskiya a cikinsu, babu kuma ta ƙarya. Bach bai rubuta wa jita ko layi ɗaya ba. Kiɗan celo ɗin nan ya tsara shi wajajen 1720, lokacin yana aiki a garin Köthen na Jamus, kuma rubutun hannunsa ma bai iso gare mu ba, kwafin matarsa Anna Magdalena ne mafi shahara cikin waɗanda ake dogaro da su. Saboda haka duk takardar jita da ka gani ra'ayin wani makaɗi ne da ya zauna ya yanke shawara: wannan sautin zan ajiye, wannan zan ɗaga sama, nan zan ƙara bes, wato sautin ƙasa. Wani ya iya, wani bai iya ba. Kafin ka san wanda ya iya, sai ka ga asalin. Ka shiga IMSLP, shafin intanet na takardun kiɗa, ka sauke takardar celo ɗin, kyauta ce, lambarta a jerin ayyukan Bach BWV 1007. Ko ba ka saba karanta rubutun bes ba, ka ajiye ta gefen ta jita, nan take idonka zai nuna maka sautukan da aka ƙara, domin a asalin layi ɗaya ne tak yake tafiya.

Ƙarin bes ɗin ba laifi ba ne. Bach da kansa ya yi. Ya ɗauki na biyar cikin kiɗe-kiɗen celo shida da ya rubuta, BWV 1011, ya mayar da shi na lut, wani tsohon kayan kiɗa mai kama da jita, wato BWV 995, ya canja masa ki, wato sautin da kiɗan ya ginu a kai, daga C zuwa G, ya cika shi da bes da ƙarin sautuka. Haka ya yi wa Partita ta uku ta biyolin. Tunda mai kayan bai ɗauki takardarsa a matsayin abin da ba a taɓawa ba, kai ma kada ka ji tsoron goge wani bes da mai tsarawa ya cusa idan yana tilasta wa hannunka yanke waƙar da ke sama. Ni dai duk inda bes na ƙari da layin Bach suka yi karo, bes ɗin ne ke fita.

Yanzu batun gutsurewa, wanda shi ne ainihin matsalarka. Ka san bambancin goge da gurmi. Mai goge muddin izgar bakansa na kan tsirkiya, sautin na nan da ransa, yana iya ƙara masa ƙarfi ko ya rage. Mai gurmi kuwa yana taɓa tsirkiya sautin ya fara mutuwa. Celo ɗan gidan goge ne, jita ɗan gidan gurmi. Takardar da ke gabanka tana gaya maka lokacin da za ka fara sauti ne kawai, ba ta gaya maka abin da zai faru da shi bayan nan. Yawancin masu koyo suna ɗage yatsan hagu da wuri don su riga zuwa wuri na gaba, sai a samu ɗan rami tsakanin sauti da sauti. Kai da kake bugawa ba za ka ji ramin ba, don kanka yana cike shi da abin da kake son ji. Ka ɗora wayarka a kan kujera ka naɗi awo huɗu na farko, ka saurara. Ba daɗi, amma babu malamin da zai gaya maka gaskiya kamarta.

Dubi yadda Prelude ɗin ya fara. A celo yana ki na G, kuma sautuka biyu na farko tsirkiyoyi ne a sake, G da D, ba yatsa a kansu, suna ta amo yayin da bakan ya wuce sama. Shi ya sa masu jita ke mayar da shi D, su sassauta tsirkiya ta shida daga E zuwa D, kamar yadda John Duarte ya yi a tsarinsa da ya yaɗu. Da an bar shi a G, akwai sautin C na can ƙasa da jita ba ta kai wa. A D kuwa G ɗin celo ya faɗo kan tsirkiyarmu ta huɗu a sake, kuma can gaba, inda mai celo ke kai-komo tsakanin waƙa da tsirkiyarsa ta A, mu ya faɗo mana kan tsirkiya ta farko a sake. Ka ga ke nan ba da ka aka zaɓi kin ba, an bi inda amon yake ne. To a awon farko, D da A da F mai kaifi, ka dasa yatsun hagu gaba ɗaya kamar kod, wato sautukan da ake bugawa tare, ka bar su a wurin. Yatsa ɗaya ne kawai zai motsa don E ta fito. Idan kana ɗaga kowane yatsa bayan kowane sauti, ka ruguza abin da Bach ya gina.

Sai dai akwai ɗaya gefen, kuma shi ne ke raba wanda ya iya da wanda yake kan hanya. Jita ba ta san yin shiru da kanta ba. Idan ka sassauta tsirkiya ta shida ka buga ta, za ta yi ta gurnani har cikin awon da kod ya riga ya canja, komai ya cakuɗe. Mai celo da ya matsa gaba galibi an gama. Kai dole babban yatsanka na dama ya koma ya kwanta kan tsirkiyar ya kashe ta. Ka ɗauki fensir ka sa ɗan alama a duk inda bes ya kamata ya mutu, ka yi atisayen kashewar kamar yadda kake atisayen bugawar. Na sha ganin ɗalibi ya gyara wannan kaɗai kiɗansa ya washe, ba tare da ya ƙara sauri ko kaɗan ba.

Wani abu da ke ruɗa mutane shi ne layukan lanƙwasa da ke kan sautuka. A takardar celo suna nufin a ja sautukan da jan baka ɗaya. A ta jita suna nufin ligado, wato yatsan hagu ya daki tsirkiya ko ya fizge ta. Ba abu ɗaya ba ne. Ligado yana sa sauti na farko ya yi ƙarfi na biyu ya yi rauni, to idan ka sa shi inda bai dace ba sai kiɗan ya riƙa ɗingishi. Wasu masu tsarawa sukan zuba shi ko'ina don sauƙaƙa wa hannun dama. Ka gwada wurin da shi, ka gwada babu shi, ka zaɓa da kunnenka.

Kunnen kuma sai ka ciyar da shi. Ka saurari masu celo fiye da yadda kake sauraron masu jita a wannan kiɗan. Pablo Casals ne ya fara naɗar kiɗe-kiɗen celo shida na Bach gaba ɗaya tsakanin 1936 da 1939, naɗin tsoho ne mai ƙara-ƙara, amma za ka ji inda yake jingina a kan sautin ƙasa kafin ya saki sauran. Bayan ka saurara, ka ajiye jitar ka rera layin da bakinka. Inda numfashinka ya ƙare, nan jimlar ta ƙare. Mai fiyano da mai jita su ne suka fi kowa mantawa cewa kiɗa na numfasawa, don kayansu ba sa tilasta musu.

Game da Asturias, zan faɗa maka abin da ba lallai ka so ji ba: ka jingine shi tukuna. Shi ne nake zargin yana jawo maka ciwon hannu. Isaac Albéniz ya rubuta shi wa fiyano, aka buga shi a 1892 a ki na G ƙarami, kuma abin dariyar shi ne jitar filamenko, kiɗan gargajiyar kudancin Sifen, yake kwaikwayo a fiyanon. Da masu jita suka karɓe shi, musamman bayan Andrés Segovia ya zagaya duniya da shi, sai ya zama kamar ya koma gida, har mutane da yawa ba su san na fiyano ba ne. An sauko da shi zuwa E ƙarami ne don sautin nan da ke maimaituwa ba fasawa, wanda D ne a fiyano, ya zama B, tsirkiya ta biyu a sake. Shi ya sa shafin farko ke yaudarar mutum. Babban yatsa na tafiya da waƙa a ƙasa, na tsakiya na taɓa tsirkiya a sake, cikin mako guda sai ka ji kamar ka iya. Da ka kai inda manyan kod ke faɗowa, waɗanda sai ka kwantar da manuni kan tsirkiyoyi shida a firet na bakwai, sannan na takwas tare da miƙa ƙaramin yatsa, a nan hannu ke ƙagewa. Mai fiyano yana da hannu biyu da yatsu goma na buga waɗannan. Kai yatsu huɗu ne ke danne komai, kuma cikin ƙiftawar ido za su koma kan waƙa.

Idan ka nace sai ka taɓa shi, to ka raba aikin. Ka buga waƙar babban yatsa ita kaɗai har ta zauna, sannan ka shigo da B ɗin a hankali, kada ta danne waƙar. Tsallen zuwa kod ka yi shi ba sauti: sauti ɗaya kafin kod, tsalle, ka dasa yatsu, ka saki, ka dawo. Idonka ya riga hannunka isa firet ɗin. Dannawar kuma ba da matsin babban yatsan hagu ake yinta ba, nauyin hannu ne daga gwiwar hannu ke jan manunin zuwa jikin wuyan jita, kuma da kod ya gama ka saki nan take. Da ka ji zafi mai kama da tsini a wuyan hannu, ka tsaya, wannan ba irin gajiyar da ake daurewa ba ce. Ka kuma duba tsayin tsirkiyoyinka daga firet. Jitocin da ke iso mana kasuwa sau da yawa tsirkiyarsu ta yi sama da yawa, ga hunturu yana busar da katako har firet ya riƙa cizon yatsa a gefe. Idan iska ta taso, ka riƙa mayar da jitar cikin jakarta tare da ɗan soso mai laima a cikin roba mai huji, kada ya taɓa katakon.

Abin da zan ba ka a madadinsa: Bourrée na Bach a E ƙarami, BWV 996. Murya biyu ce kawai, ɗaya sama ɗaya ƙasa, gajere ne, kuma zai koya maka riƙe wannan yayin da waccan ke motsi. Ka buga ta sama kana rera ta ƙasa, ka juya. Don hannun dama, darasi na 7 cikin Op. 60 na Carcassi da atisaye 120 na Giuliani za su share maka hanyar Asturias. In ka ƙara ƙwari ka leƙa Scarlatti, wanda ya bar sonata 555 na hafsikod, tsohon kayan kiɗa mai kama da fiyano, kuma ya ƙare rayuwarsa a Madrid. Hafsikod ma fizgar tsirkiya yake yi, don haka kiɗansa ba ya wahalar zama a jita, sonatarsa mai lamba K. 322 misali ne mai kyau. Chaconne na Bach kuwa, kiɗan biyolin wanda Segovia ya buga a Faris a 1935 har ake ta maganarsa, ka saurare shi ka ji daɗi, lokacinsa na zuwa.

Kan metironom, na'urar da ke ƙidaya saurin kiɗa, ra'ayina ya ɗan bambanta da na wasu. Ana yawan cewa a yi komai a hankali ƙwarai. Gaskiya ne don koyon inda yatsu za su sauka. Amma a kiɗan da aka ɗauko daga kayan gogawa irin celo ko na busa, idan ka cika jinkiri sautin jita zai mutu kafin na gaba ya zo, ba za ka taɓa jin layin a haɗe ba. Gara ka ɗauki guntu ƙarami, rabin awo da sauti ɗaya na gaba, ka buga shi kusa da saurinsa na gaske, ka tsaya, ka huta, ka maimaita. Sannan ka ɗinka guntayen. Jinkiri na gyara hannu, wannan kuma na gyara kunne, duka biyun kana bukata.

In kana son ganin iyakar inda wannan sana'a ta kai a nahiyarmu, ka nemi aikin Derek Gripper na Afirka ta Kudu. Ya ɗauki kiɗan kora na marigayi Toumani Diabaté na Mali, kaya mai tsirkiya 21, ya zaunar da shi kan tsirkiya shida, ya fitar da faifai a 2012. Ba daga takarda ya ɗauko ba, daga naɗi ya yi ta saurare yana rubutawa, yana canja ɗaurin tsirkiyoyi har amon ya zo daidai. Duk wanda a cikinmu yake tunanin ɗora kiɗan garaya ko na kukuma a jita, hanyar ke nan.

Ka naɗo mana awo takwas na farko na Prelude ɗin ka turo, ba sai ya yi kyau ba, kuma ka sa wayar ta inda za a ga hannun hagunka. Ka haɗa da hoton shafin farko na takardun nan biyu, zan nuna maka bes ɗin da za ka bari da wanda za ka goge.