Uwa ɗaya, hali daban: me ya raba Guguwa da Lumana?

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Ina zaune a unguwar Ali Ɗan Sofo, a nan Maradi. Shekara biyu ke nan da ƙanena ya kawo mini ƴan kwikwiyo biyu daga Kwatano, dukansu maza, irin da ake kira Jack Russell, kuma uwarsu ɗaya. Ɗaya yara suka sa masa Guguwa domin ba ya zama wuri ɗaya: ya tone gindin dogon yaro, ya kori ƙadangaru, ya cika gida da haushi da zarar mai ga-ruwa ya taɓa ƙofa. Lumana kuwa yana kwance a gindin randa, in baƙo ya shigo sai ya laɓe bayan turmi. Kwanan nan sun fara faɗa a kan kwanon abinci. Lumana ba shi da lafiya ne, ko kuwa Guguwa ne ya danne shi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Bisa ga bayaninka, na fi karkata ga cewa bambancin halitta ne, kuma ba na ba ka shawarar ka ɗauki ɗayansu a matsayin mizanin da za a auna ɗan'uwansa da shi. Sai dai akwai abin da ya kamata a duba a jikin Lumana kafin a yanke wannan hukunci, zan zo kansa.

Mu fara da Guguwa, domin shi ne ya fi kama da abin da aka samar da irinsa dominsa. Karnukan da ake kira teriya, waɗanda Jack Russell ke cikinsu, sun samo sunansu daga kalmar Latin mai nufin ƙasa, saboda aikinsu shiga rami. Wani limamin coci a yankin Devon na Ingila, John Russell, wanda ya rayu daga 1795 zuwa 1883, shi ya yi ta haɗa ƙananan fararen karnuka masu kutsawa ramin yanyawar Turai, su yi ta haushi har ta fito wa mafarauta. Karen da aka zaɓi kakanninsa don tono da haushi da naci, in ka ajiye shi a tsakar gida mai katanga, gindin bishiyarka ne zai zama raminsa, ƙadangare kuma ya zama abin farautarsa. Duka ba zai cire masa wannan ba, sai dai ya ƙara masa tsoronka.

To, me ya sa Lumana bai gaji haka ba alhali cikinsu ɗaya? Domin iri yana nuna inda hali ya fi karkata ne kawai, ba ya tabbatar da halin kowane kare. Wani bincike da mujallar Science ta buga a 2022, wanda ya tattara bayanan karnuka fiye da 18,000 daga masu su, ya gano cewa iri yana bayyana kusan kashi 9 cikin ɗari ne kacal na bambancin ɗabi'a tsakanin kare da kare. Hausawa sun riga sun faɗa: hali zanen dutse, kuma kowa da nasa zanen. Ƴan ciki ɗaya ba gado iri ɗaya suke ɗauka daga iyayensu ba, sannan akwai makonnin farko na rayuwa, daga mako na 3 zuwa wajen na 12, lokacin da kwikwiyo ke koyon abin da zai sake da shi da abin da zai guda. Doguwar tafiya a mota daga bakin teku zuwa Maradi, a cikin kwali, tana iya wuce ɗaya ba tare da ta bar masa komai ba, ta bar wa ɗayan fargabar baƙon sauti da baƙuwar fuska.

A nan ne nake so ka sa ido sosai, domin natsuwa daban, tsoro daban, ciwo kuma daban. Karen da natsuwa ce halinsa yana kwance jikinsa a sake, yana cin abincinsa, in ka kira shi ya taso yana kaɗa wutsiya. Mai tsoro yana maƙale wutsiya tsakanin ƙafafu, ya kwantar da kunnuwa, ya riƙa lasar leɓe da hamma ba tare da barci ba, kuma laɓewar Lumana bayan turmi ta fi kama da wannan. Maganinta shi ne a bar masa maɓoyarsa, a hana yara jawo shi gaban baƙi, baƙon kuma ya jefa masa ɗan nama daga nesa ba tare da ya zuba masa ido ba. Kwanciya a gindin randa ba ta dame ni ba. Kare ba ya gumi kamar mutum, da haki yake fitar da zafi, kuma a watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Maradi ke haura digiri 40, mai neman damshin ƙasa ya fi mai bin ƙadangare da tsakar rana dabara.

Batun danniya kuwa, tunanin cewa dole ɗaya ya zama sarki a kan komai ya samo asali ne daga nazarin kyarketan da aka tsare a keji, kuma masanin kyarketai David Mech da kansa ya nuna kuskurensa a 1999. Abin da aka fi gani a gida shi ne kowane kare yana da abin da ya fi so: wani abinci, wani wurin kwana, wani kusanci da maigida. Faɗan nasu ya fara ne a daidai shekarun da ake sa ransa, tsakanin shekara ɗaya da uku, sa'ad da kare ke kammala girma ya daina haƙurin ƙuruciya. Kwano ɗaya ga karnuka biyu shi ne tushen rigimar. Ka ba kowa nasa, ɗaya a zaure ɗaya a bayan ɗaki inda ba sa ganin juna, ka ɗauke kwanukan da zarar sun gama, ka ajiye ruwa a wuri biyu, kada kuma a jefa ƙashi ɗaya a tsakaninsu. Guguwa yana bukatar a fita da shi da igiya bayan sallar asuba ko dab da magariba, kuma in ka ware masa kusurwar yashi ka binne masa abin wasa a ciki, dogon yaronka zai huta. In faɗa ya kaure, kada ka sa hannu tsakanin bakunansu. Ka watsa musu ruwa ko ka shiga tsakani da faifan katako. Rabuwa ta dindindin sai idan an kai ga cizo mai huda fata fiye da sau ɗaya, ko kuma ɗaya ya daina ci saboda tsoron ɗayan.

Saura abin da na ce a duba. Idan Lumana haka yake tun yana ƙarami, hali ne. Idan kuwa a ƴan makonnin nan sanyin jikin ya ƙaru, ka ɗaga leɓensa ka kalli dasashi: ja-ja mai haske ake so, ba fari-fari ba. Ka laluba cikin kunnuwa da tsakanin yatsu don neman kaska, domin tana ɗauke da cututtukan jini masu kawo kasala, zazzaɓi, haɓo ko fitsari mai duhu. Ko ɗaya daga cikin waɗannan ka gani, ka kai shi wurin likitan dabbobi a ranar, ka tafi da katin rigakafinsu duka biyu a duba ko allurar haukan kare ba ta wuce lokacinta ba.