Tambayoyinku: Coco Gauff, daga gasar yara zuwa ta manya

Tambaya: Salamu alaikum Anti, ni dai ban daɗe da fara kallon tanis ba, sai naji ana ta zancen wata baƙar fata ƴar Amurka wai ita Coco Gauff. Da gaske ne tana shekara 15 ta doke Venus Williams? Daga ina ta ɓullo haka kwatsam?

Amsa: Wa'alaikumussalam ƙanwata. Da gaske ne, a Wimbledon na 2019 a Landan, zagayen farko, ta cinye Venus 6-4, 6-4, kuma Venus ɗin nan tana cikin waɗanda Coco ta taso tana kallo tana burin zama kamarsu. Amma fa ba kwatsam bane, mu ne dai bamu santa ba. An haife ta a watan Maris na 2004, babanta Corey ya buga ƙwallon kwando a jami'a, mamanta Candi kuma ƴar tsere ce, su biyun suka ajiye harkokinsu suka koma Delray Beach a jihar Florida don yarinyar ta samu horo yadda ya kamata. Tana shekara 10 ta fara zuwa Faransa makarantar Patrick Mouratoglou, wanda ya daɗe yana horar da Serena Williams. A 2017 ta kai wasan ƙarshe na US Open na yara tana shekara 13 kacal, Amanda Anisimova ta doke ta, sai a 2018 ta ɗauki kofin French Open na yara bayan ta doke ƙawarta Caty McNally, ta kuma zama ta ɗaya a duniya a rukunin matasa. Kinga kenan kafin ta fuskanci Venus an daɗe ana ganin alamunta. A Wimbledon ɗin ma sai da ta bi ta wasannin share fage kafin ta shiga, ta kai zagaye na huɗu, Simona Halep ce ta cire ta, ita kuma Halep ta ɗauke kofin a shekarar.

Tambaya: Anti barka da aiki. In har tana da hazaka haka, me ya sa sai da ta yi shekara huɗu kafin ta ci babban kofi irin na Wimbledon, French Open ko US Open? Ni a ganina zuzuta ta aka yi da yawa.

Amsa: Ɗan'uwa a nan kam ban yarda da kai ba. Akwai dokar da hukumar tanis ta mata, WTA, ta kafa tun 1995 bayan abin da ya faru da Jennifer Capriati wadda ta fara buga wasan manya tana ƴar 13, nauyi ya yi mata yawa har ta bar wasan na wani lokaci. Dokar ta taƙaita yawan gasannin da yarinya zata shiga a shekara har sai ta cika 18, saboda haka Coco a shekarunta na farko ba kowace gasa take iya shiga ba ko da tana so, ana ƙirga mata su. Ni wallahi ina goyon bayan dokar nan, don jikin yarinya da hankalinta basu gama ƙwari ba a wannan shekarun, ga tafiye-tafiye ƙasa zuwa ƙasa ga ƴan jarida ga kamfanonin talla duk sun taru a kanta.

Duk da haka ai bata zauna ba. A watan Oktoban 2019 ta ci kofinta na farko a Linz ta ƙasar Ostiriya, kuma abin sha'awar shi ne an riga an cire ta a share fage, wata ta janye aka ba ta gurbin, ta je har ƙarshe ta doke Jelena Ostapenko. A Australian Open na 2020 ta cire Naomi Osaka wadda ke riƙe da kofin. A 2022 ta kai wasan ƙarshe na French Open, Iga Swiatek ta lallasa ta 6-1, 6-3 har ta yi kuka a fili. Shekarar 2023 ce ta fi taɓa ni, an cire ta tun zagayen farko a Wimbledon mutane suka fara cewa ai ta ƙare, sai ta ɗauko koci Brad Gilbert, ta ci gasar Washington ta ci ta Cincinnati, ta zo wasan ƙarshe na US Open ta doke Aryna Sabalenka bayan ta rasa zangon farko, ta ɗauki babban kofinta na farko tana shekara 19. Yara nawa ne suka zama na ɗaya a rukunin matasa amma suka ɓace da suka shigo cikin manya? Da yawa fa. Ita ta tsallake wannan siraɗin.

Tambaya: To yanzu ina ta kwana, kuma meye rauninta?

Amsa: A 2024 ta ci French Open na ƴan bibbiyu tare da Katerina Siniakova, ta riƙe tutar Amurka tare da ɗan ƙwallon kwando LeBron James a bikin buɗe Olamfik na Paris, sannan ta ci gasar ƙarshen shekara ta WTA a Riyadh inda ta doke Zheng Qinwen. A 2025 ta sake doke Sabalenka ta ɗauki French Open, babban kofinta na biyu kenan a wasan ɗai-ɗai. Rauninta kuwa bugun farawa ne, tana yawan kuskure sau biyu a jere ta ba abokiyar karawa maki a banza, wani lokacin sai ka ji kamar ka rufe ido. Amma gudunta da yadda take dawo da ƙwallon da kowa ya ɗauka ta wuce, ƴan kaɗan ne suka kamo ƙafarta a nan.