Tambaya da Amsa: Tafiyar keke a dazukan redwud na arewacin Kalifoniya

Wasiƙun wannan fitowar sun zo ne daga 'yan'uwanmu mazauna Amurka, kuma duk a kan abu ɗaya: tafiyar kwanaki a kan keke cikin dazukan redwud, itatuwan da suka fi na ko'ina tsawo a duniya.

Assalamu alaikum. Ina da hutun mako guda a watan Yuli. An ce mini akwai hanyoyin da babu motoci a cikin dajin. Daga ina zan fara? (Wani ɗalibi, Sakramento)

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Bari mu fara gyara maka zance ɗaya. Hanyoyin shiru suna nan, amma guntaye ne, babbar hanya mai lamba 101 ce take ɗinke su. Duk wanda ya tsara tafiyarsa bai yi lissafin 101 ba, zai sha mamaki tun ranar farko.

Ka fara daga arewa, a garin Crescent City, ka gangaro kudu. A wannan lokacin iskar teku daga arewa maso yamma take kaɗawa, sai ta riƙa tura ka ta baya. Kuma da yake hannun dama ake bi, teku da wuraren tsayawa suna gefenka, ba sai ka ratsa titi ba.

Ranar farko ka ajiye kaya ka shiga Howland Hill Road, hanyar burji ce ta kusan kilomita 16 a gandun Jedediah Smith, siririya har kana iya taɓa itatuwa. Washegari ita ce rana mafi wuya. Kana fita gari sai hawa, sama da mita 300, a kan 101 inda gefen titi ya tsuke, sannan ka ratsa Last Chance Grade, inda ƙasa ke yawan zaftarewa har akan mayar da hanyar layi ɗaya. Bayan ka haye kogin Klamath ka sauka daga 101 ka kama Newton B. Drury Parkway, kilomita 16 cikin gandun Prairie Creek. Motocin dakon kaya ba sa bin ta. Ɗan hawa ne a farko, sauran duk gangara har sansanin kwana na Elk Prairie.

Daga nan garuruwan Orick, Trinidad, Arcata, Eureka: kwana biyu in ba ka gaggawa. Sai Avenue of the Giants, kilomita 50 daga Pepperwood zuwa Phillipsville, tana bin kogin Eel. Ita ce tsohuwar hanya, yanzu masu sauri duk sun koma 101 sun bar ta. Ka kwana a sansanin Burlington kusa da Weott. Jimlar tafiyar kusan kilomita 250 ce, mako guda ya ishe ka har da ranar hutu.

Kekena na cikin gari ne, mai giya bakwai. Zai iya, ko sai na sayi sabo? (Wani mai karatu, Oakland)

Malam, ba sabon keke kake buƙata ba, giyar hawa kake buƙata. Ƙirga haƙoran ƙaramin faifan gaba da na babban faifan baya. In na gaba 26 ne ko ƙasa, na baya 34, za ka hau duk tudun da ke hanyar da kaya kilo 15 kana zaune. In faifan gaban guda ne tak mai haƙora 42 ko 44, za ka riƙa miƙewa kana danna feda da ƙarfi, kafin kwana uku gwiwa ta fara ciwo. Sauya faifai ya fi sayen keke araha nesa ba kusa ba.

Taya mai faɗin milimita 35 zuwa 40 ta fi. Siririya tana tsalle a kan burji da kwaltar da saiwoyi suka ɗaga. Ka ɗaura madigadi gaba da baya. Kariyar ɗora kaya ta zama mai noti a jikin firam, kayan a jakunkuna biyu na gefe, masu nauyi a ƙasa. In ka jibge komai a saman kariya, keken zai riƙa rawa a gangara.

Birki ne ke ba mutane kunya. Laima da yashi suna cin robar birki da sauri, don haka ka sa sabuwa kafin tashi, ka riƙe wata a jaka. A doguwar gangara kada ka maƙale birki tun daga sama har ƙasa, rim ko faifan birkin yana ɗaukar zafi, kamun ya ragu. Ka matsa sosai kafin kwana, ka saki, ka sake matsawa. Sauran kayan gyara: tub biyu, faci da sholisho, famfo, makullan alan, mahaɗin sarƙa ɗaya, da man sarƙa mai kauri na lokacin ruwa. Masu gyaran keke suna Arcata da Eureka, ƙauyukan da ke tsakani kada ka sa rai.

Maigidana yana son mu yi tafiyar tare, ni kuwa namun daji nake tsoro. (Wata mai karatu, San Jose)

Hajiya, tsoronki ya koma kan abu biyu da suka fi namun daji haɗari: duhu da sanyi.

Redwud yakan haura mita 100, kuma rassan sun haɗe a sama. Da tsakar rana, ƙarƙashinsu kamar gab da magariba ne, sai ɗigon hasken rana nan da can a kan kwalta. Direban da ya fito daga fili ya shiga wannan inuwa, idonsa na ɗaukar 'yan daƙiƙu kafin ya saba. Ƙara da cewa da yawansu baƙi ne a cikin manyan motocin nan masu ɗakin kwana, madubinsu ya zaro waje, idonsu na sama suna kallon itatuwa. Dokar Kalifoniya tun 2014 ta ce mai mota ya bar wa mai keke tazarar ƙafa uku, kusan mita ɗaya, amma sai ya gan ki tukuna. Saboda haka jar fitilar baya mai walƙiya ta kasance a kunne wuni guda, ta gaba ma haka, rigar sama ta zama mai ɗaukar ido, ruwan ɗorawa ko ruwan lemo. Ki cire baƙin tabarau in kin shiga daji. A guji bakin kwalta inda busassun ganye suka taru suka jiƙe, santsi gare su, kuma suna ɓoye ramuka. Sassan 101 a bi su da sassafe kafin motoci su yi yawa, sai dai in hazo ya rufe, to a jira ya ɗaga.

Sanyin kuwa, kada watan Yuli ya ruɗe ki. A bakin teku da wuya zafi ya wuce digiri 18, da asuba yakan sauka kusan 10, ga hazo mai jiƙa kaya ba tare da an yi ruwa ba. Daga wannan hazon itatuwan ke shan wani kaso na ruwansu, da safe za ki ji yana ɗiga kan tanti kamar yayyafi. Rigar auduga in ta sha gumi a hawa, sai ta zama ƙanƙara a gangara. A sa ta ulu ko ta roba a ciki, rigar ruwa a saman jaka, da safar hannu. Amma da kun shiga kwarin Eel, rana na iya wuce digiri 30, nan kuma ruwan sha ne abin lura, gora biyu ga kowa.

Namun dajin dai ga su. Akwai elk, wata ƙatuwar barewa da ke kiwo a filin Elk Prairie. Kada a matsa kusa, musamman uwa mai ɗa a watan Mayu da Yuni, da maza lokacin barbara wajen Satumba. Akwai baƙar beyar da rakun, wata 'yar dabba mai yawon dare, abinci suke nema, ba mutum ba. Kowane sansani yana da akwatin ƙarfe: abinci, sabulu, man goge baki, duk a ciki, ko alawa kada ta kwana a tanti. Ku duba jiki da yamma saboda kaska.

Roƙo ɗaya muke yi da gaske: kada ku bar ko ɓurɓushin burodi. Yana tara hankaki da wani shuɗin tsuntsu mai tukku, su kuma suna shanye ƙwan wani ɗan tsuntsun teku da ke sheƙa a rassan tsofaffin itatuwan nan. Ƙwai ɗaya tak yake sakawa, kuma yana ta raguwa.

Yaya batun masauki, salla da abinci? (Wani mai karatu, Stockton)

Gandayen jihar suna da fili na musamman don masu keke da masu tafiyar ƙafa, ba a kama wuri tun da wuri, 'yan daloli ne ga mutum ɗaya. Ka riƙe kuɗi a hannu da tsaba don wanka.

Alƙibla a wannan yankin ba gabas ba ce kamar a gida. Arewa ce, ka karkata kaɗan zuwa gabas. Waya ba ta samun sabis a wurare da yawa, don haka ka rubuta lokutan salla a takarda ka riƙe kamfas. Ruwan famfon sansani sanyi ƙarara, ɗumama kofi ɗaya a murhun gas ya isa alwalar asuba. Naman halal da wuya ka samu a ƙauyukan, ka dogara da kifin gwangwani, ƙwai, wake, taliya, man gyaɗa na shafawa da dabino. Ka cika jaka a Crescent City da Arcata.

Zan iya zuwa da yara? Muna son ganin itacen da ya fi kowane tsawo. (Wani uba, Fresno)

Kada ka hau 101 da yara, Alhaji. An saba rufe Drury Parkway ga motoci a Asabar ta farko ta kowane wata daga Oktoba zuwa Mayu, ka tuntuɓi ofishin gandun ka zaɓi ranar da babu ruwa. Hular kwano wajibi ce a doka ga duk wanda bai kai shekara 18 ba.

Itacen da kake nufi Hyperion ne, kusan mita 116, an gano shi a 2006. An hana zuwa wurinsa, tarar na iya kai dala 5,000, domin saiwar redwud ba ta nitsa ƙasa sosai, kuma tattakin ƙafa ya lalata gindinsa. Ka kai su Big Tree da ke bakin Drury Parkway. Ku jingine kekuna a wurin ajiye motoci, tafiyar 'yan mintuna ce a ƙafa.