Ga mai son hawan Zugspitze da ƙafa

Ɗan'uwa, ka ce ba ka taɓa hawan dutse ba, kuma kana so ka bi ta Höllental ka kai ƙololuwar Zugspitze a yini ɗaya, kamar yadda ka gani a bidiyo. Gaskiya ka bar Höllental tukuna.

Dutsen nan tsayinsa mita 2,962, shi ne mafi tsawo a Jamus, kuma iyakar Ostiriya ta ratsa kansa. Daga ƙasa hawan ya haura mita 2,000. A Höllental sai ka taka daskararriyar ƙanƙara da ƙarafuna masu haƙora ɗaure a takalmi, sannan ka kama wayar ƙarfe a jikin bango, da hular kwano da ɗamarar igiya. Inda ƙanƙarar ta rabu da bangon akwai rami, nan mutane ke yin layi, ƙafa na rawa. Masu bidiyo ba sa nuna wannan.

Ka bi Reintal, hanyar da Josef Naus, wanda aka san shi da fara hawan dutsen, ya bi a 1820. Tana da nisa, kusan kilomita 21 daga garin Garmisch-Partenkirchen ta kwazazzabon Partnachklamm, amma tafiya ce kawai. Ka raba ta biyu, ka kwana a ɗaya daga cikin masaukan da ke kan hanyar, Knorrhütte ko Reintalangerhütte. Ka kama gado tun da wuri, don a Agusta cika suke yi. Ka riƙe tsabar kuɗi, kuma ka tambayi abin da ke cikin miya, naman alade ba ya wuya a can. Ni dabino da gyaɗa nake cika aljihu da su.

Wahalar tana ƙarshe. Bayan Sonnalpin, tashar da ke ƙasa da ƙololuwar, akwai gangaren tsakuwa, ka taka gaba ta zame da kai baya, numfashi kuma ya yi gajere, sannan sai ɗan wurin da ake kama wayar ƙarfe. Ka yi asuba ka fita, saboda hadari da tsawa sun fi tasowa bayan azahar, kuma ba a son mutum yana riƙe da wayar ƙarfe lokacin.

In ka kai sama kada ka yi mamakin ganin masu silifas suna shan kofi, motar igiya ce ta kawo su. Kai ma ita za ka shiga ka sauka tafkin Eibsee da ke gindin dutsen, gwiwa ba za ta ɗauki saukowa ba. Ka duba lokacin motar ƙarshe. Lambar gaggawa 112 ce.