Amsa: Wai ciyawar teku taki ce ko magani?

Malam, ka tambaya ko ruwan ciyawar teku da ake tallarsa a jarka zai maye maka takin zamani a gonarka ta Daura, kuma wai ana shanta don maƙoƙo. To da farko dai ba gansakukar nan ta dam ɗin Ajiwa ba ce, ita a ruwan gishiri take fitowa, wata ma tsayinta ya wuce mita 30.

Batun gona, gaskiya ba za ta maye yuriya ko NPK ba, sinadarin da ke cikinta kaɗan ne, abin da take yi shi ne taimaka wa saiwa da sa shuka ta ɗan jure fari. Ni na fesa wa tumatir ɗina na rani ganye ya yi shar, amma fa sai da na zuba takin awaki tukuna, don haka kar ka sai da buhun takinka ka sayi jarka.

Abinci kuwa mutanen Japan da Koriya kamar yadda muke cin kuka haka suke cinta. Kai farin magin nan ma da iyayenmu ke barbaɗawa a miya, a 1908 wani masani Bajapane ya fara gano sinadarinsa a cikin ciyawar teku, yanzu dai da rake da rogo ake yinsa.

Maƙoƙo kuma eh ciyawar teku tana da aidin sosai, sinadarin da rashinsa ke kawo maƙoƙo, amma yawansa ma ciwo yake jawowa. Gishiri mai aidin ya fi araha, in kuma wuya ya riga ya kumbura a je asibiti kawai.