Amsa ga mai tambaya kan yaron da ya iya rera haruffa amma ya kasa karanta kalma

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Na ga tambayarki, cewa ɗanki mai shekara 6 yana aji ɗaya, yana rera A zuwa Z tas, amma da kin nuna masa kalma a littafi sai ya yi tsit, aikin da ake ba shi daga makaranta kuma kullum da kuka ake gamawa, shi ne kike neman shawara ko ki ɗaukar masa malamin lesin. Ni dai ina ganin ki ɗan dakata tukuna har ki gano inda gizo ke saƙar.

Ki ɗauki takarda ki rubuta haruffa kaɗan ba bisa jeri ba, kamar m, s, a, t, o, ki ce ya faɗa miki sautin kowanne, ba sunansa ba. Daga nan ki haɗa bibbiyu, ma, so, ta, ki ga ko zai iya fitar da su. Yaran da na zauna da su, nawa da na 'yan'uwa, yawancinsu a nan suke maƙalewa. Waƙar haruffa ta zauna musu a baki, amma ba su gane cewa kowane harafi da sautinsa, kuma sautukan ne ake jerawa su zama kalma. Irin wannan yaron zai haddace shafi guda ya yi ta zubo shi, alhali yatsansa yana kan wani layi daban. Ki sa tafin hannu ki rufe hoton da ke shafin, karatun zai tsaya cak. Kada ki ɗauka a kansa aka fara. A 2019 Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa kashi 53 cikin 100 na yara a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi suna kai shekara 10 ba su iya karanta gajeren labari su fahimce shi ba. Ke da kika lura tun yana 6, kin zo a kan kari.

Idan nan ne matsalar, minti 10 zuwa 15 a kullum ya ishe ku, sautuka biyu ko uku a mako, ana komawa kan na baya kafin a ƙara sabo. Tun 1885 wani Bajamushe mai suna Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa abin da aka maimaita a ranaku daban-daban ya fi zama a kai fiye da wanda aka danƙara a zama ɗaya. Shi ya sa zaman awa biyu ranar Asabar ba ya biyan bukata. Da kin ga ya fara hamma yana wasa da fensir, ki rufe littafin tun kafin hawaye ya zo, domin yaron da ya saba ganin littafi tare da tsawa zai riƙa gudunsa.

Batun kukan nan, ki duba barcinsa. Masana barci sun ce yaro daga shekara 6 zuwa 12 yana bukatar awa 9 zuwa 12 a kowace rana, kuma waya a hannun yaro da daddare ita ke cinye wannan lokacin. Ki kuma lura ko yana ƙanƙance ido, ko yana manna littafi da fuska, ko sai kin kira shi sau da yawa kafin ya waigo. In kin ga haka, a gwada idonsa da kunnensa, don wanda ba ya hango allo ba lesin da zai yi masa magani.

Wani abin da nake roƙonki da babbar murya: kada ki yi masa aikin da hannunki, kada ki bari yayyensa su yi masa. Idan malamarsa ta ga littafi tsaf babu kuskure, za ta ɗauka ya iya, ta wuce gaba. Inda ya kasa, ki bar wurin haka, ki rubuta mata a gefe cewa ya gwada bai gane ba. In kin je wurinta kuma kada ki tsaya a kan "ya ƙoƙarinsa?", amsar da za ki samu ita ce "yana ƙoƙari". Ki tambaye ta waɗanne sautuka suke yi a makon nan, a ina yake zama a aji, yana ɗaga hannu ko kuwa. Malami yana sakin jiki da iyayen da suka zo neman yadda za su taimaka.

Ki kula da bakinki a kansa, ki kuma ja kunnen mutanen gida. Kalmar daƙiƙi, ko "dubi ƙanwarka ma ta iya", tana daɗewa a zuciyar yaro. Yabon ma da irinsa. A wani bincike da Claudia Mueller da Carol Dweck suka wallafa a 1998, yaran da aka yaba wa ƙoƙarinsu sun fi jure wa aiki mai wuya fiye da waɗanda aka ce musu suna da basira. Ki ce masa, "Na ga yadda ka sake gwadawa har ka fitar da ita."

Hira ma karatu ce, kuma da harshen da kuke yi a gida. Tun 1953 UNESCO, hukumar ilimi ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta ba da shawarar a fara koyar da yaro da harshen uwa. Ki ba shi labari ki tsaya a tsakiya, ki ce me yake ganin zai faru. Ki sa shi ya ba babansa labarin da bakinsa, shi ma baban ya saurara har ƙarshe.

Idan kun yi zango guda a haka babu motsi, to ki nemi mai lesin, amma ki zauna ki ga darasinsa na farko. In ya fara da "maimaita bayana" daga A zuwa Z, ki nemi wani.