Ejan ya ce "firi biza" ce, in na sauka Jidda in nemi aiki da kaina

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni mai gyaran wutar lantarki ne a Kano, shekarata 27. Wani ejan ya ce zai samo min bizar Saudiyya wadda ba ruwana da kafili, wato wanda ya ɗauki nauyin shigata ƙasar: in na sauka in yi aiki duk inda na ga dama, in riƙa ba mai bizar wani abu duk wata. Baba ya yarda a sayar da filinsa don a biya. Hankalina ya ƙi kwanciya. Me ya kamata in shirya, kuma yaya zaman aiki yake a can?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ka roƙi Baba ya dakata da maganar filin nan tukuna.

A dokar Saudiyya babu wata aba mai suna "firi biza". 'Yan kasuwar biza ne suka raɗa mata sunan don ta yi daɗin ji. Abin da ke faruwa shi ne, wani ɗan ƙasar Saudiyya ya karɓo izinin ɗaukar ma'aikaci da sunan shagonsa ko kamfaninsa, alhali ba shi da aikin da zai ba ka, sai ya sayar da izinin. Igamarka, wato katin izinin zamanka a ƙasar, za ta fito da sunansa, kai kuma kana can kana ja wa wani gida waya. Sashe na 39 na dokar ƙwadagonsu ya haramta wa baƙo yin aiki wurin wanda ba shi ya ɗauko shi ba, ko yin aikin kansa. Wato tun ranar da ka fara ɗaukar kayan aiki, mai laifi ne kai. Hukuncin yana iya kaiwa tarar riyal 50,000 da ɗaurin wata shida, sannan a kora ka gida.

Na gaji da jin "ai wane ya je da ita kuma ga shi ya gina gida". Wanen da ya ƙare a tarhil (gidan tsare waɗanda za a kora) na Shumaisi, tsakanin Makka da Jidda, aka ɗauki zanen yatsunsa, aka dawo da shi da kayan jikinsa kaɗai, shi ba ya zama a majalisa ya ba da labari. Kuma wannan kafili da aka ce ba ruwanka da shi, shi ne fa mai sabunta maka igama. Ranar da ka yi jinkirin kuɗin wata, ko ya ƙara farashi ka yi gardama, sai ya shiga kwamfuta ya rubuta ka gudu, abin da ake kira hurub. Wanda ka yi wa aiki wata uku ya hana ka kuɗinka kuwa, wace kotu za ka kai shi, da wace takarda? Masu cewa ka tafi da bizar Umara ka ɓace, nasu ya fi muni, ba ma sai na ɓata bakina ba.

Hanyar gaskiya tana da alamomi. Kwangila tana fitowa a Qiwa, manhajar ma'aikatar ƙwadagon Saudiyya, da sunan kamfani da albashi da sana'arka, kai ne za ka karanta ka amince. Ka tabbata an rubuta mai aikin lantarki, kada a rubuta lebura ko direban gida a ce "in ka je za a gyara". Gyaran dokar da aka yi a watan Maris na 2021, wanda ya ba ma'aikaci damar canza wurin aiki bayan shekara ɗaya ba sai da yardar kafili ba, bai haɗa da 'yan aikin gida da direbobin gida ba. Kuɗin biza da na igama nauyin mai ɗaukar aiki ne, kuma ba shi da ikon riƙe fasfonka. Ejan ɗin ma ka nemi ganin lasisinsa na Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayyar Najeriya.

Zaman aikin kansa: awa 8 a rana, 48 a mako, da azumi Musulmi awa 6. Ranar hutu Juma'a ce, wasu wuraren har da Asabar. Hutun shekara kwana 21. Daga 15 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba an hana aiki cikin rana tsakanin ƙarfe 12 da 3. Akwai lokacin gwaji da ke iya kaiwa kwana 180, kuma a nan 'yan'uwanmu suka fi tuntuɓe, saboda makara da "na je gaisuwar rasuwa" ba tare da izini ba. Shugabanka a wurin aiki yana iya zama Bamisire ko Ba'indiye ko ɗan Filifin, don haka Larabcin Islamiyya kaɗai ba zai wadatar ba. Ka koyi sunayen kayan aikinka da Turanci da Larabcin kasuwa. Ka tafi da takardar shaidar sana'arka, ka ajiye hoton fasfo da kwangila a waya da kuma wurin Baba, ka riƙe lambar ofishin jakadancin Najeriya na Jidda da lambar ƙorafin ma'aikatar ƙwadagonsu, 19911.

Ka koma wurin ejan ka ce ya ba ka sunan kamfanin da kwangila a rubuce. In ya fara rantse-rantse yana cewa ka yarda da shi kawai, ofishin NAPTIP, hukumar yaƙi da safarar mutane, yana nan cikin Kano.